Matsayin Makamashin Tsiro wajen Samar da Wutar Lantarki a Tsibirai Masu Nisa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda waɗansu tsibirai da ke can tsakiyar teku, nesa da kowace babbar ƙasa, suke samun wutar lantarki daga abin da ƙasarsu ta tsirar, da kuma dalilan da suka sa wannan hanya ta karɓi waɗansu ta ƙi waɗansu. Abin da ake nufi da makamashin tsiro a nan shi ne duk wani abu da ya samo asali daga tsiro, wanda za a iya ƙonawa a sami zafi, watau kamar itace da kara da ƙaiƙayi da ɓawon kwakwa da tuƙar rake, da kuma man da ake tatsa daga 'ya'yan itatuwa. Masana kimiyya suna kiransa biyomas, har sukan haɗa da kashin dabbobi da sharar gari a cikinsa, amma takardar ba za ta taɓo waɗannan ba.

Ra'ayin da za a yi ƙoƙarin karewa shi ne cewa wutar da ake samu ta wannan hanya 'yar noma ce kafin ta zama 'yar inji. Inda akwai wata sana'ar gona mai ƙarfi da take zubar da saura mai yawa a wuri guda, wutar takan zo da araha, ta kuma daɗe. Inda aka fara sayen inji sa'an nan aka shiga neman abin da za a ba shi, galibi aikin bai cika kai labari ba.

2.0 Matsalar tsibiri

Wutar lantarki ba ta ajiyuwa cikin sauƙi. Abin da ake samarwa a kowace daƙiƙa dole ne ya yi daidai da abin da ake sha a wannan daƙiƙar, in ba haka ba injuna su rikice, gari ya ɗauke. A babbar ƙasa wannan ba ya tayar da hankali ƙwarai, domin tashoshi da yawa ne suke haɗe a kan layi ɗaya, idan ɗaya ta yi tuntuɓe sauran su tallafe ta, har ma akan sayo daga maƙwabta. Tsibirin da ke nesa kuwa ba shi da maƙwabcin da zai ranta masa. Morishus, alal misali, tana da nisan kimanin kilomita 900 daga Madagaska, da kimanin 2,000 daga gaɓar Afirka. Duk wutar da za ta sha a cikinta za a yi ta.

Saboda haka ne kusan duk irin waɗannan tsibirai suka dogara ga injin mai shan dizal ko baƙin mai. Injin yana da sauƙin kafawa, yana tashi nan da nan, ana kuma iya ƙara shi ko rage shi gwargwadon bukata. Illarsa ita ce mai. Lita ɗaya ta dizal ba ta ba da fiye da kilowat-awa 3 zuwa 4, kuma kowace lita sai jirgin ruwa ya kawo ta daga nesa, an biya da kuɗin waje. Tsadar man fetur ta 1973 da ta 1979 ta girgiza tsibirai fiye da kowa. A watan Yuli na 2008, lokacin da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, sai da gwamnatin Tsibiran Marshal ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tattalin arziki, domin kamfanin wutar ƙasar ya kusa kasa sayen mai.

Mai sauraro zai iya cewa ai ga rana, ga iska, kuma tsibirai ba su rasa ko ɗaya ba. Haka ne, kuma farashin faifan hasken rana ya faɗi ƙwarai tun daga wajejen 2010. Sai dai rana takan faɗi, girgije yakan gitta, iska takan kwanta, alhali kuwa ƙaramin layin wuta ba ya jure hawa da sauka na farat ɗaya. Wannan ne ya sa a 2008 Faransa ta yi doka cewa a tsibiranta ana iya cire irin waɗannan tashoshi daga layi da zarar wutarsu ta haura kashi 30 cikin 100 na abin da ake sha a lokacin. A nan ne darajar makamashin tsiro take. Shi ma hasken rana ne, amma wanda ganye ya riga ya kama ya adana. Ana iya jibge shi kamar hatsi a rumbu, a ɗebo da dare ko da rana. Har wa yau, tashar da take ƙona shi tana juya babban janareto mai nauyi, wanda nauyinsa kaɗai yake taimakawa wajen daidaita layin idan wani abu ya gifta.

3.0 Tuƙar rake a Morishus

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar tsibiran da suke noman rake. Idan aka matse tan ɗaya na rake a masana'antar sukari, akan bar kimanin kilo 300 na tuƙa, wadda rabin nauyinta ruwa ne. Wannan danshi yana rage mata ƙarfi, har sai an tara fiye da tan 3 kafin a sami zafin da tan ɗaya na kwal zai bayar. Duk da haka tana da wata falala da babu wani makamashi da yake da ita: ba a noma ta don kanta ba, ba a kuma biya kuɗin ɗauko ta ba. Sukari ne ya biya kuɗin gona da na yanka da na mota, ita kuwa sai ta tsinci kanta a bakin tukunya.

Ƙona tuƙa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Wanda duk ya taɓa tsayawa a inda ake yin mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ya ga yadda ake shanya tuƙar da doki ya matse, a mayar da ita ƙarƙashin kasko don dafa ruwan raken. Masana'antun sukari na zamani ma haka suka yi shekara da shekaru, sai dai su tururi suke samarwa, wanda yake juya injin matsa, ya kuma dafa ruwan. Abin lura shi ne, tukwanen tururi na da an gina su ne da gangan don su ci tuƙa da yawa su ba da aiki kaɗan, domin a wancan zamani tuƙa shara ce, damuwar mai masana'anta ita ce yadda zai rabu da ita kafin ta cika masa fili. Matsin tururinsu bai cika wuce ninki 20 na matsin iskar da muke shaƙa ba.

Sirrin samun wutar sayarwa yana cikin wannan matsi. Gwargwadon yadda aka ƙara wa tururi zafi da matsi, gwargwadon aikin da za a tatsa daga gare shi kafin ya huce. A sabon tsari ana dafa tururin har matsinsa ya kai ninki 80 ko fiye, zafinsa ya haura digiri 500, sa'an nan a sake shi a kan farfela mai juya janareto. Bayan ya ratsa farfelar ya rage ƙarfi, sai a janye wani kaso daga cikinsa a tura masana'anta don dafa sukari. Tururi ɗaya ke nan ya yi aiki biyu. Da irin wannan tsari ana iya sayar wa gari fiye da kilowat-awa 100 daga kowane tan na rake, bayan masana'antar ta ɗebi nata, alhali tsohon tsari ɗan abin da yake ragewa bai taka kara ya karya ba.

Morishus ta fara wannan tafiya tun tana ƙarƙashin Ingila. A 1957 masana'antar St Antoine ta fara tura rarar wutarta zuwa layin Hukumar Lantarki ta ƙasar, wadda aka kafa a 1952. Da farko abin na ganin dama ne: in an sami rara a tura, in babu shi ke nan, hukumar kuwa ba ta iya dogara da irin wannan wuta, don haka ba ta biya ta da daraja. Canjin ya zo ne daga hukuma. An yi shirin gyara harkar sukari a 1985, aka yi dokar inganta masana'antar a 1988 wadda ta sassauta haraji ga mai zuba jari a wutar tuƙa, sa'an nan a 1991 aka ƙaddamar da shiri na musamman na bunƙasa makamashin tuƙa tare da taimakon Bankin Duniya. Muhimmin abin da waɗannan matakai suka kawo shi ne yarjejeniya ta shekaru masu yawa tsakanin masana'anta da hukumar lantarki, mai ƙayyade farashi da adadin wutar da za a kawo. Da wannan takarda a hannu ne banki yake yarda ya ba da rancen gina tukunya mai tsada.

A daidai wannan lokaci maƙwabciyarta Riyuniyan, wadda yanki ce ta Faransa, ta riga ta gwada tukunya mai babban matsi. An buɗe tashar Bois-Rouge a 1992, mai ƙarfin kimanin megawat 60, aka bi ta da ta Le Gol a 1995. An kai irin wannan tsari Le Moule a tsibirin Gwadalub a 1998. A shekara ta 2000 Morishus ta buɗe tata a Belle Vue, mai megawat 70, sai kuma ta La Baraque a kudu a 2007, mai megawat 90. Ya zuwa 2015 tuƙa tana ba da kimanin kashi 17 cikin 100 na dukan wutar ƙasar. Ga ƙasar da ba ta da ɗigon man fetur ko dunƙulen kwal a ƙarƙashinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙasashen Afirka da dama masu noman rake sun riƙa tura ma'aikatansu don su gano yadda aka yi.

4.0 Kaka da bayan kaka

To, amma akwai wani gefe na labarin da ba a cika faɗa ba. Ana yankan rake a Morishus ne daga wajen watan Yuni zuwa Disamba. Sauran watannin masana'anta a rufe take, gari kuwa bai daina shan wuta ba, bashin banki ma bai daina haihuwa ba. Ajiye tuƙa don bayan kaka yana da wuya, domin ga girma ba nauyi, tana ruɓewa saboda danshi da ɗan sukarin da ya rage a jikinta, kuma babban tsibinta yakan yi zafi daga ciki har ya kama da wuta da kansa. Maganin da aka samo shi ne a gina tukunyar yadda za ta ci abu biyu: tuƙa da kaka, kwal bayan kaka. Kwal ɗin kuwa daga Afirka ta Kudu ake kawo shi. Sakamakon haka, tashoshin da aka san su da sunan tuƙa sun wayi gari wutar da suke samarwa daga kwal ta fi wadda suke samarwa daga tuƙa yawa nesa ba kusa ba. A ganina duk wanda zai yaba wa wannan tsari ya kamata ya faɗi wannan tare da yabon. Haɗarin dogara ga kwal ya bayyana a 2022, lokacin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, har tashar Belle Vue ta dakatar da aiki na tsawon watanni.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Tun da tuƙa 'yar rakiyar sukari ce, duk abin da ya sami sukari ya same ta. Shekaru da yawa Morishus tana sayar da sukarinta ga Turai a kan farashi mai tsoka, a ƙarƙashin wata yarjejeniya da aka ƙulla a 1975. Daga 2006 zuwa 2009 Tarayyar Turai ta zaftare kashi 36 cikin 100 na wannan farashi, ta kuma soke yarjejeniyar a 2009. Ƙananan manoma suka fara barin gonaki, waɗansu filayen aka mayar da su gidaje da otal-otal, matasa kuma suka guje wa aikin yanka. Ƙasar da ta samar da sukari sama da tan 700,000 a 1973 ta koma ba ta kai 300,000 ba a farkon shekarun 2020. Masana'antu 21 da ake da su a shekarun 1970 suka koma 3 bayan rufe ta Médine a 2019. Tukwanen suna nan lafiya lau, amma ya zuwa 2022 kason tuƙa a wutar ƙasar ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma.

Hawayi ta riga ta kai ƙarshen wannan hanya. A can ma masana'antun sukari sun daɗe suna sayar wa kamfanonin lantarki wuta, musamman a tsibiran da ke wajen babban birni. Da tsadar ƙwadago da ta fili suka kashe noman rake, sai masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya: na babban tsibirin Hawayi da na Owahu a 1996, ta ƙarshe a Kawayi a 2009, ta ƙarshe gaba ɗaya kuwa a Puunene da ke tsibirin Mawi a Disamba 2016. Wutar tuƙa ta tafi tare da su. Guguwa ma tana da nata rabo. A Fiji, guguwar Winston ta watan Fabrairu 2016 ta lalata gonakin rake da masana'antar Penang, wadda ba a sake buɗewa ba. Ranar da tsibiri ya fi bukatar wuta don farfaɗowa, ranar ce gonar da take ciyar da tashar take kwance.

5.0 Noman itace don wuta

Idan babu sana'ar da za ta zubar da saura, me zai hana a shuka itatuwa musamman don tashar? An gwada wannan, kuma gwaji mafi girma shi ne na ƙasar Filifin. Bayan tsadar mai ta 1979 gwamnatin Shugaba Marcos ta tsara gina ƙananan tashoshi masu yawa a tsibiran ƙasar, kowace mai kimanin megawat 3, kowace da gandun kimanin kadada 1,000 na wata bishiya mai saurin girma da suke kira ipil-ipil. A kan takarda lissafin ya fita. A ƙasa kuwa an ba manoma filayen tuddai marasa albarka inda bishiyar ba ta yi ba, hanyoyin fito da itacen ba su da kyau, kuɗin gwamnati ya yanke, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai tsotson ganye ya auka wa bishiyar a duk yankin. Tashoshi kaɗan ne suka taɓa yin aiki, su ma ba su daɗe ba.

Ko da a ce komai ya tafi daidai, akwai iyakar da halitta ta gindaya. Ganye ba ya adana fiye da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Gandu mai kyau a ƙasa mai zafi yana ba da busasshen itace tan 10 zuwa 20 a kowace kadada a shekara, ƙaramar tasha kuwa tana samun kamar kilowat-awa 1,000 daga kowane tan. Kadada ɗaya ke nan tana ba da kilowat-awa 10,000 zuwa 20,000 a shekara. Idan aka shimfiɗa faifan hasken rana a wannan kadadar, abin da za a samu ya kusa miliyan ɗaya. Bambancin ya kai ninki hamsin ko fiye. A babbar ƙasa mai yalwar daji ana iya kau da kai daga wannan. A tsibirin da gona da gida da makiyaya suke ƙwace fili a tsakaninsu, ba a iyawa.

Inda itace ya yi amfani shi ne inda ya riga ya zama annoba. A tsibirin Kawayi an buɗe wata tasha mai kimanin megawat 7 a 2016, wadda ta fara da cin wata baƙuwar bishiya da ta mamaye tsofaffin gonakin rake, tare da turare da ake shukawa a madadinta. A Kyuba kuma akwai wani ƙayayyen itace da suke kira marabu, wanda ba kowa ba ne illa ɗunɗun da muka sani a dazuzzukanmu. An kai shi can daga Afirka a ƙarni na 19, ya sami ƙasar da babu mai hana shi, ya cinye fiye da kadada miliyan ɗaya. Tashar Ciro Redondo mai megawat 60, wadda aka kammala a 2020, an tsara ta ne ta ci tuƙa da kaka, ta ci ɗunɗu bayan kaka, watau ɗunɗu ya tsaya a matsayin da kwal ya tsaya a Morishus. Dabarar tana da kyau, domin kowace kadada da aka sare gona ce aka ƙwato. Sai dai ita ma ta sha tsayawa saboda ƙarancin rake da wahalar saro ɗunɗun da kawo shi.

6.0 Ƙananan tsibirai

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya shafi tsibirai masu mutane dubu ɗaruruwa. Tukunyar tururi ba ta biyan kuɗinta idan ta yi ƙanƙanta, saboda haka tsibiri mai ƙauyuka biyu ko uku sai ya nemi wata hanya. Hanyoyi biyu aka fi gwadawa.

Ta farko ita ce a turara itace ko ɓawon kwakwa a cikin rufaffiyar tanda mai ƙarancin iska, yadda maimakon ya ci da harshen wuta sai ya fitar da iskar gas mai kamawa, a tace ta a ba injin janareto. An san wannan tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da motoci da yawa a Turai suka yi tafiya da ita. A tsibirin Gosaba da ke yankin Sundarban na Indiya an kafa irin wannan tasha a 1997, injuna 5 masu kilowat 100 kowanne, suna haɗa gas ɗin da ɗan dizal, ƙungiyar gama-kai ta mutanen garin tana kula da ita. Ta haskaka kasuwa da gidaje shekaru da dama kafin babban layin wuta ya ƙetaro kogi ya iso. Amma Gosaba tana cikin 'yan kaɗan da suka yi nasara. Gas ɗin yana ɗauke da wani baƙin danƙo mai kama da kwalta, wanda in ba a tace shi sosai ba yake toshe injin. Tacewar kuwa aiki ne na kullum, mai datti, mai bukatar ƙwararren makaniki da itace busasshe da aka sassara daidai wa daida. Yawancin injunan da ƙungiyoyin agaji suka rarraba a tsibiran Pasifik a shekarun 1980 sun tsaya ne tun ba a je ko'ina ba, ba don ilimin ya gaza ba, sai don babu mai wannan hidima.

Ta biyu ita ce man kwakwar Attagara, wanda injin dizal yake iya sha, ko dai gauraye ko zalla idan an yi masa ɗan gyara. Ƙarfinsa bai kai na dizal ba da kimanin kashi ɗaya cikin goma, yana kuma daskarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 25, don haka akan tayar da injin da dizal, a juya shi kan man kwakwa bayan ya yi zafi. Mutanen tsibirin Bougainville sun rayu da shi a shekarun 1990, lokacin da aka datse musu hanyar shigo da kaya saboda yaƙi. A Banuwatu kamfanin wuta na UNELCO ya shafe shekaru yana gauraya shi da dizal a babban birnin ƙasar. Abin da yake yanke hukunci a nan shi ne kasuwa. Man kwakwa abinci ne, kayan sabulu ne, yana da farashinsa a duniya. Idan ya yi tsada manomi ya fi son ya sayar a fitar waje, idan ya yi araha kuma ba ya ganin amfanin fasa kwakwa dubu biyar ko shida don ya tara tan ɗaya na busasshen namanta. Ya fi dacewa da tsibiran da suke can ƙurya, inda jirgi ba ya zuwa sai bayan makonni, domin a can dizal ya fi tsada, kwakwa kuma ta fi araha, duka saboda dalili guda.

7.0 Makamashin da jirgi ya kawo

A 'yan shekarun nan an ga wani sabon salo a tsibiran Faransa. Da aka ƙudura barin kwal, sai aka gyara tukwanen Bois-Rouge a 2023 da na Le Gol a 2024 don su ci makamashin tsiro zalla. Tun da tuƙa da itacen tsibirin ba za su isa ba, abin da ya maye gurbin kwal shi ne garin katako da aka cure ƙanana-ƙanana, wanda ake kawowa cikin jiragen ruwa daga nesa, har daga Amurka ta Arewa. Babbar tashar injuna ta Port Est ita ma an juya ta daga baƙin mai zuwa man tsiro da ake shigowa da shi. Haka tashar Galion 2 ta tsibirin Martinik, wadda aka buɗe a 2018, take dogara ƙwarai ga curarren katakon waje.

A lissafin hukuma wutar Riyuniyan ta koma kusan duka mai sabuntuwa. Hayaƙin kwal da tokarsa sun tafi, wannan kuwa riba ce ta gaske ga masu zama kusa da tashoshin. Amma idan aka koma ga matsalar da aka fara da ita, watau dogara ga jirgi da kuɗin waje da farashin da wasu suke yankewa, sai a ga kamar an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Akwai kuma muhawara a kan hayaƙin da yake ɗumama duniya. Hayaƙin da tuƙa ta fitar bana, raken baɗi zai shanye shi. Bishiyar da aka sare kuwa sai ta yi shekaru goma-goma kafin magajiyarta ta biya wannan bashi, ga kuma man da aka ƙona wajen busarwa da curewa da jigila. Irin wannan hujja tana daga cikin abin da ya sa hukumar kula da lantarki ta Hawayi ta ƙi amincewa da tashar Hu Honua mai ƙona itace a 2022, Kotun Ƙolin jihar kuma ta tabbatar da hukuncin a 2023, alhali an kusa gama ginin.

Morishus ta ɗauki wata hanyar da ta fi kusa da tushen matsalar. A kasafin kuɗinta na 2021 gwamnati ta bayyana niyyar barin kwal, ta kuma yanka wa tuƙa farashin rupi 3.50 a kan kowane kilowat-awa, don kuɗin ya kai ga manomi. Kafin wannan lokaci manoman sun daɗe suna kukan cewa sukari kaɗai ake biyansu da daraja, tuƙar da take haskaka ƙasa kuwa ana karɓe ta kusan a kyauta. An kuma fara tattara busasshen ganyen rake da ake bari a gona bayan yanka, ana ɗaure shi dami-dami a kai tasha, domin ya fi tuƙa bushewa, ya fi ta jure ajiya. Shi ma ba a kwashe shi duka, sai an bar wa ƙasa wani kaso ya rufe ta ya riƙe mata laima, in ba haka ba abin da aka samu a tukunya bana a rasa shi a gona baɗi. Masu binciken irin rake a ƙasar suna kuma aiki a kan nau'o'in da suka fi yawan zare, waɗanda sukarinsu bai kai na sauran ba amma tuƙarsu ta fi yawa, manomi kuwa ba zai shuka su ba sai ranar da kuɗin tuƙa ya cike masa giɓin sukarin da ya rasa.